Adon wasiƙar imel mai motsi: daga ina ake farawa, kuma me ke hana shi fitowa a wajen mai karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarun baya wata ƙawata takan aiko mini da imel mai ado, taurari na ƙyalli a sama, rubutun kuma yana zaune a kan bango mai launi. Ina so in koyi yin irinsa da kaina. Na sami wani tsohon bayani, na kwafe lambobin da aka rubuta a ciki, a kwamfutata komai yana motsi, amma da na aika wa ƙanwata sai ta ce farar takarda kawai ta gani da rubutu. Daga ina zan fara, kuma ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki yi kuskuren kwafa ba. Bayanin da kika bi ne zamaninsa ya wuce, kuma sai kin san dalilin hakan kafin ki sake ɓata wani daren a kansa.

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, yawancin masu wannan sana'a a Outlook Express suke aiki, manhajar da Microsoft ta fitar tare da Internet Explorer 4 a 1997. Ita wannan manhaja tana buɗe wasiƙa ne kamar yadda burauza ke buɗe shafin intanet, duk umarnin da aka cusa a ciki sai ta aiwatar da shi. Shi ya sa mutane suka riƙa sa ƙananan shirye-shirye na JavaScript ko VBScript a cikin wasiƙa, bango ya riƙa gangarowa a hankali, dusar ƙanƙara ta riƙa zuba, har da kiɗa da ke tashi da zarar an buɗe. Abin yana da kyau ƙwarai, ni ma a nan na koya. Sai dai ƙofar da adon ke shiga ta ita ce ƙofar da ɓarayi suka gano. A 1999 aka sami ƙwayoyin cutar kwamfuta irin su BubbleBoy da Kak, waɗanda ba sa buƙatar ka buɗe wani fayil da aka maƙala, duba wasiƙar kaɗai ya isa. Kak ma a cikin sa hannun da ke ƙasan wasiƙar Outlook Express take ɓuya, ta bi duk saƙon da mutum ya aika. Daga nan kamfanoni suka shiga toshe ƙofar. Yau Gmail da Yahoo da Outlook da Apple Mail duk ba sa aiwatar da irin waɗannan shirye-shirye idan sun zo a cikin saƙo. Ga dukkan alamu abin da ya faru da wasiƙarki ke nan: a kwamfutarki burauza ce ta buɗe ta, ta bi umarnin, a wajen ƙanwarki kuwa an tsige umarnin tun kafin ta gani.

Su kansu manhajojin da suka yi suna da wannan ado sun tafi. Outlook Express ta tsaya a Windows XP. Apple ta sa adon wasiƙa a manhajarta ta Mail a 2007, ta cire shi a 2018 da fitowar macOS Mojave. IncrediMail, wadda kusan duk shahararta a kan wasiƙu masu motsi take, an rufe ta a 2020. Saboda haka duk bayanin da ya ce ki sa kiɗa, ko ki sa rubutu ya riƙa tafiya, ko bango ya riƙa gudu, ki ajiye shi.

Abin da ya rage, kuma yake aiki kusan ko'ina, shi ne hoton GIF. A kansa za ki gina komai. Akwai motsin da ake yi da CSS, wato lambobin da ake tsara kamannin shafin intanet da su, wanda Apple Mail ke nunawa, amma Gmail da Outlook na kwamfuta ba sa kula shi, don haka ban ba mai farawa shawarar ta taɓa shi ba.

GIF tsohon abu ne. Kamfanin CompuServe ya fitar da shi a 1987, aka inganta shi a 1989 da damar sa jinkiri tsakanin hoto da hoto da kuma barin wani launi ya zama fayau, ana ganin abin da ke bayansa. Maimaita zagaye kuwa burauzar Netscape ce ta ƙara shi daga baya. A taƙaice fayil ɗaya ne mai ɗauke da hotuna da yawa a jere, kowanne ana ce masa firam, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Babu wani umarni a ciki da zai iya cutar da kwamfuta irin na da, shi ya sa aka bar shi ya rayu. Yana da iyakoki guda biyu da za su shafi zanenki kai tsaye. Na farko, firam ɗaya ba ya ɗaukar launi fiye da 256. Hoton kyamara mai dubban launuka, ko sararin sama da ke sauyawa a hankali daga shuɗi zuwa ja, zai fito da layi-layi ko ɗige-ɗige, ga nauyi. Zane mai launuka kaɗan a shimfiɗe shi ne abincinsa. Na biyu, fayau ɗinsa babu rabi da rabi, ko ɗigo ya bayyana gaba ɗaya ko ya ɓace gaba ɗaya. Idan kika zana tauraro mai laushin gefe a kan fari sannan kika cire farin, za ki ga wani farin zobe ya kewaye shi duk lokacin da ya sauka a kan bango mai duhu. Yanzu da mutane da yawa ke sa wayoyinsu a yanayin duhu, wannan zobe yana fitowa fili. Maganinsa mai sauƙi ne: ki ba hoton cikakken bango nasa, mai launi ɗaya da wurin da za ki ɗora shi.

Kafin ki buɗe kowace manhaja, ki ɗauki takarda ki zana wasiƙar. Tun ran gini ran zane. Faɗin da aka saba da shi fikzel 600 ne, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ake auna hoto da su a fuskar na'ura, don yana shiga tagar karatu a kwamfuta, kuma yana ƙanƙancewa a waya ba tare da rubutu ya zama kamar tururuwa ba. Ki raba ta uku: kai mai ado a sama, tsayinsa kamar fikzel 120 zuwa 200, sai filin rubutu a tsakiya mai launi ɗaya, sai ɗan siririn ado a ƙasa idan kina so. Motsin ya tsaya a kai kawai, kuma a kan ma abu ɗaya ne zai motsa, ko taurari uku da ke ƙyalli, ko ganye ɗaya da ke faɗowa, ko harshen fitila. Na sha ganin masu farawa suna sa motsi a bayan rubutu. Ido ba ya iya karatu alhali wani abu yana wutsil-wutsil a ƙarƙashin haruffa, mai karɓa zai gaji ya rufe bai kai ƙarshe ba.

Don yin hoton, manhajar zane ta GIMP kyauta ce kuma ta wadatar. A cikinta kowace shimfiɗa, wato layer, ita ce firam ɗaya, ta ƙasa ita ce ta farko. Ki zana kan wasiƙar cikakke, ki kwafi shimfiɗar, ki sauya ɗan abin da zai motsa, ki sake kwafa, haka har ki sami firam shida zuwa goma sha biyu. Ƙyallin tauraro ma firam huɗu sun ishe shi. Idan kika rubuta 150ms a cikin baka a ƙarshen sunan shimfiɗa, GIMP za ta fahimci cewa wannan firam zai tsaya na wannan ɗan lokaci. Akwai wurin gwada motsin a ƙarƙashin Filters, sashen Animation, kafin ki fitar. Wajen fitarwa ki ba fayil ɗin suna mai ƙarewa da .gif, ki zaɓi a fitar da shi a matsayin mai motsi. Za a tambaye ki abin da za a yi da firam ɗin da ya wuce, ko a ɗora sabo a kansa ko a share shi a maye gurbinsa. Idan abin da ke tafiya yana kan fili fayau kika zaɓi ɗorawa, zai bar sawu a bayansa, ki ga tauraro ɗaya ya zama jerin gwano. Wanda ke da Photoshop zai yi wannan aiki a sashen Timeline, Canva ma tana fitar da GIF, shafin ezgif kuma yana haɗa hotunan da kika riga kika zana.

Game da sauri, GIF yana auna jinkiri da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Tsakanin 10 da 20 ya dace da ado, wato firam biyar zuwa goma a daƙiƙa. Kada ki sa sifili ko ɗaya da nufin ya yi gudu, yawancin burauzoji sukan mayar da shi 10 da kansu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da nake so ki riƙe fiye da komai a wannan amsa. Ba ke ce ke da iko da yadda wasiƙarki za ta fito ba, manhajar mai karɓa ce. Tun daga Outlook 2007, Microsoft ta koma amfani da injin Word wajen nuna wasiƙu a Outlook na Windows irin na da, kuma Outlook 2007 da 2010 da 2013 da 2016 firam na farko kawai suke nunawa, a tsaye cak. Sai a Outlook na Microsoft 365 motsin ya dawo. Har yau akwai ofisoshi da ke kan tsofaffin. Na taɓa yi wa wata ƙungiya takardar gayyatar taro, na tsara ta yadda za a fara da shuɗin fili babu komai, sannan sunan taron ya bayyana a hankali, kwanan wata ya biyo baya a firam na ƙarshe. A wayata abin gwanin sha'awa. Kashegari kira ya yi ta shigowa ana tambayar yaushe ne taron, don mutanen da suka buɗe a kwamfutar wurin aikinsu shuɗin akwati kawai suka gani. Abin ya dame ni sosai, domin mutane sun ba ni amana ne su isar da saƙo, ni kuma na ɓoye saƙon a bayan ado. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: firam na farko ya zama cikakken hoto wanda idan an buga shi a takarda ba za a ce wani abu ya ɓace ba. Kuma duk abin da mai karɓa ke bukatar sani, suna ne, lokaci ne, wuri ne, da rubutu na gaske nake rubuta shi a filin tsakiya, ba a cikin hoto ba.

Firam na ƙarshe ma haka. Ina ba da shawarar kada ki bar motsi ya yi ta zagayawa har abada. Ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu lalura amfani da intanet, waɗanda ake kira WCAG, sun ce abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa biyar a gefen rubutu ya kamata a ba mutum hanyar tsayar da shi, kuma a wasiƙa ba ki da maɓallin da za ki ba shi. Mafita ita ce ya zagaya sau biyu ko uku ya tsaya. Idan ya tsaya kuwa a kan firam na ƙarshe zai tsaya, don haka shi ma ya zama cikakke. Waɗannan ƙa'idoji sun kuma hana walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, saboda tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, jan launi mai ƙarfi ya fi haɗari. Wannan ba maganar kyau ko muni ba ce, lafiyar mutum ce, kuma ba ki san a hannun wa wasiƙarki za ta ƙare ba bayan an tura ta gaba.

Sai nauyi. Ki yi ƙoƙari hoton ya tsaya ƙasa da kilobait 500, kada dai ya haura megabait ɗaya. Mai buɗewa a waya da raunin sadarwa zai zauna yana kallon fili har ya haƙura. Hanyoyin rage nauyi uku ne, kuma ki bi su a jere: rage yawan firam, rage launuka daga 256 zuwa 64 ko 32 ki duba ko ido zai lura, sannan ki bar manhaja ta adana abin da ya sauya kawai daga firam zuwa firam maimakon ta maimaita duk hoton. GIMP tana da wannan a sashen Animation ɗin nan, ezgif ma tana yi, masu son rubuta umarni kuma suna amfani da gifsicle. Wannan na ukun shi ne dalilin da ya sa na ce abu ɗaya ya motsa. Idan taurari uku kawai ke ƙyalli a kan bango tsayayye, kowane sabon firam ɗan ƙaramin faci ne. Idan duk hoton ke kaɗawa, kowane firam cikakken hoto ne, nauyi ya ninka.

Bayan hoto sai takardar kanta. Ƙaramin fayil ne na HTML, harshen da ake rubuta shafin intanet da shi, kuma a tsohon salo ake rubuta shi saboda injin Word da na ambata: tebur ɗaya mai faɗin 600 a tsakiya, layin sama ya ɗauki hoton, layi na biyu ya ɗauki rubutu. Launin fili da girman haruffa a jikin kowane ɗaki na teburin ake rubuta su, kada ki dogara da wani fayil ɗin salo na daban, ba zai bi wasiƙar ba. Idan kina son hoto a bango, ki haɗa masa da launi mai kama da shi a ƙarƙashi, domin inda hoton bai fito ba launin zai tsaya a madadinsa. Na ga wasiƙa mai farin rubutu a kan hoton dare, hoton bai fito ba, ya zama fari a kan fari. Kowane hoto kuma ki ba shi ɗan bayani a gurbin alt, kamar "taurari a sararin dare". Outlook yakan toshe hotunan waje har sai mai karɓa ya amince, makafi kuma wannan bayani ne manhajar karatunsu ke faɗa musu. Tunda da Hausa za ki riƙa rubutu, ki tabbata fayil ɗin yana kan tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamun tambaya ko wasu tarkace. Salon haruffa ki tsaya ga waɗanda ke kan kowace na'ura, ki gwada kalma kamar "ƙwanƙwasa" ki ga ko masu lanƙwasa sun fito daidai da 'yan'uwansu.

Hoto yana bin wasiƙa ta hanya biyu. Ko dai a cusa shi a cikinta, ko a ajiye shi a wata sabar, wato kwamfutar da ke adana fayiloli a intanet, wasiƙar ta riƙe adireshinsa kawai. Cusawa tana sa ya isa tare da saƙon, amma tsarin da imel ke bi wajen ɗaukar fayil yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyi, hoto mai kilobait 600 ya koma kusan 800, kuma kowane mai karɓa sai ya sauke wannan. Ajiyewa a sabar tana sa wasiƙa ta yi sauƙi, sai dai ranar da aka goge hoton daga can, duk tsofaffin wasiƙun sun zama kango. Ga wasiƙa zuwa ga 'yan'uwa da ƙawaye, cusawa ta fi. Ga saƙon da za a aika wa ɗaruruwan mutane, sabar ta fi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin adireshin hoton yana nuni ga wata folda a kwamfutarki. Ke za ki gan shi lafiya lau, wanda kika aika wa kuwa ba shi da wannan folda.

Sa shi a aiki ya danganta da abin da kike aikawa da shi. Mafi sauƙi a ganina Thunderbird ce: ki buɗe sabuwar wasiƙa, ki shiga Insert ki zaɓi HTML, ki zuba rubutun, sannan ki adana ta a matsayin samfuri, duk lokacin da kike so ki buɗe ta daga foldar Templates. A Outlook na kwamfuta irin na da, ki ajiye fayil ɗin a foldar Stationery da ke cikin Microsoft a ƙarƙashin AppData, zai bayyana a More Stationery idan za ki fara sabon saƙo. A Gmail babu wurin zuba HTML kai tsaye. Abin da ake yi shi ne a buɗe fayil ɗin a burauza, a zaɓi komai, a kwafa, a liƙa a tagar rubutu, amma fa hotunan su kasance suna kan intanet, ko kuma ki saka su da hannu bayan liƙawa. Daga nan ki kunna Templates a sashen Advanced na saituna ki adana, a kwamfuta ake yin wannan. Ki sani kuma Gmail yana datse duk wasiƙar da rubutun HTML ɗinta ya wuce kilobait 102, ya ɓoye sauran a bayan wani mahaɗi. Takarda mai tebur ɗaya ba za ta kusanci haka ba, sai idan daga Word kika kwafo ta, shi kan jibga lambobi marasa amfani masu yawa.

Kada ki mayar da adon ya zama na kowace wasiƙa. Idan ana ta mayar da amsa a kan saƙo ɗaya, adon yana maimaituwa a kowane zagaye, zance ya yi nauyi ya cukurkuɗe. Matatun da ke kama saƙonnin banza kuma suna zargin wasiƙa mai babban hoto da rubutu kaɗan, wani dalilin ke nan na rubuta saƙon da haruffa na gaske. Wasiƙar neman aiki ko ta hukuma a bar ta fara. Gaisuwa, taya murna, gayyata, nan ne wurinsa. Zanen da za ki yi amfani da shi kuma ya zama naki ko wanda mai shi ya ba da izini a fili, samunsa a intanet ba ya mayar da shi na kowa.

Ga aikin da zan ba ki na wannan mako. Ki yi kai ɗaya mai faɗin 600 da tsayin 150, launuka kada su wuce 32, firam huɗu, taurari uku su yi ƙyalli sau uku su tsaya. Ki ɗora shi a kan tebur mai layi biyu, ki rubuta jimla biyar a ƙasa. Kafin ki aika wa kowa, ki aika wa kanki a Gmail da kuma wani adireshin na Outlook ko Yahoo, ki buɗe a kwamfuta, ki buɗe a waya, ki sa wayar a yanayin duhu ki sake dubawa, sannan ki kashe nuna hotuna ki ga ko har yanzu ana fahimtar saƙon. Idan ya tsallake waɗannan, ki aika wa ƙanwarki, ki tambaye ta da wace manhaja ta buɗe da kuma abin da ta gani a sama.